Neman Tsohon Kasko Daga Ohayo Zuwa Alabama

Duk shekara, daga Alhamis ta farko a watan Agusta zuwa Lahadi, hanya mai lamba 127 a Amurka takan rikiɗe ta koma kasuwar gwanjo. Tsawon kasuwar mil 690 ne, daga garin Addison a jihar Mishigan har Gadsden a jihar Alabama. Masu gida su fito da tebur bakin titi, manoma su ba 'yan kasuwa hayar filayensu, makarantu da coci-coci su buɗe harabarsu, kowa ya baje abin da ya gaji da ajiyarsa. A 1987 aka fara ta daga garin Jamestown na jihar Tenesi, don a janyo matafiya su bar manyan titunan da ke zagaye ƙauyuka su dawo tsohuwar hanya. Wasu kujeru suke zuwa nema, wasu agoguna, wasu kayan wasan yara. Ni kayan girki na ƙarfen zubi suka kai ni: kasko, tukunya, tanda, da injinan hannu irin na kicin ɗin da.

Yayana ne ya ɗauke ni a a-kori-kurarsa. Shi ba ruwansa da tsohon ƙarfe, amma yana son tuƙi, kuma ya san ba zan iya ciccibar abin da zan saya ni kaɗai ba. Mun cika bayan motar da kwalaye da tsofaffin barguna, domin ƙarfen zubi duk nauyinsa ba ya jure faɗuwa. Sinadarin kabon da ke cikinsa, kashi biyu zuwa huɗu cikin ɗari, shi ke sa ya narke ya kwarara ya cika kowane lungu na mazubi, shi ne kuma ke sa idan ya bugi dutse ya tsage maimakon ya lanƙwashe. A jakata akwai tocila, da rular ƙarfe, da safar hannu, da canjin dala, don yawancin masu tebur tsabar kuɗi suke karɓa.

A yammacin Ohayo muka shiga hanyar, wajen Van Wert. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, gonakin masara da waken soya iyakar ganin ido, motoci kuwa sai tafiyar hawainiya, kowa yana leƙen tebura ta taga. Da gangan na zaɓi farawa daga nan. Gabas kaɗan da hanyar akwai garuruwa uku da duk mai tara kasko ya haddace sunansu. A Sidney 'yan'uwa biyu, Milton da Bernard Wagner, suka kafa masana'antarsu a 1891, su ne masu kaskon da ake ganin "Wagner Ware" da "Sidney -O-" a bayansa. A Piqua kamfanin Favorite ya yi murahu da kasake. A Wapakoneta, garin su Neil Armstrong, kamfanin Wapak ya yi aiki daga 1903 zuwa 1926, shekara ashirin da uku kacal. Da yawa daga abin da aka zuba a garuruwan nan bai yi nisa da gida ba, yana nan hannun jikoki, kuma irin wannan mako ne yake fitowa rana.

Mai tara kasko daga nesa ake gane shi, don kafin ya kalli cikin kasko sai ya kifa shi. A bayan ake samun suna, da lamba, da alamun da ke nuna zamanin da aka zuba shi. Kusa da Celina na tsaya wurin wani dattijo da ya jera kasake a kan keken ɗaukar ciyawa, ya ga yadda nake kifa su ɗaya bayan ɗaya, sai ya yafuto ni.

"Zo nan, 'yata, ki ga abin da ba kowa nake nuna wa ba."

Ya ɗauko wani mai sunan Wapak, ya karkata shi yadda hasken rana zai kwanta a bayansa. Can sama, dishi-dishi, sai ga haruffa huɗu suna fitowa: ERIE. Na ce, "Baba, fatalwar tambari ce!" Ya yi murmushi ya miƙo mini.

Sai an san yadda ake zubi ake gane abin da ya faru. Ana ɗaukar samfuri, wato kasko na gwaji, a danna shi cikin jiƙaƙƙen yashi a akwati mai ɓari biyu, a daddale yashin, a buɗe a cire samfurin, a mayar a rufe, sannan a kwarara narkakken ƙarfe a gurbin da ya bari. In ya huce a farfasa yashin. Ke nan kowane kasko da nasa mazubin, ba a maimaitawa, kuma duk abin da ke jikin samfuri, ko ƙarzanar farce ce, sai ya fito a jikin ƙarfe. Masu Wapak sun ɗauki na Erie sun mayar da shi samfurinsu, suka cike haruffan suka sa nasu sunan, amma cikon bai ɓoye komai ba. Shekara ɗari da wani abu ke nan, har yau rana tana tona asirin. Na taya, ya ce albarka, na ƙara, ya sallama. Shi ne abu na farko da ya shiga kwali.

Erie ɗin nan gari ne a jihar Fensilbeniya, a bakin tafkin da ke da wannan suna, kuma can ne gidan Griswold, sarkin sunaye a wannan harka. A 1865 aka kafa kamfanin, da hinjin ƙofa ya fara kafin ya koma kayan girki. Kasakensa na farko sunan garin kawai suke ɗauke da shi. Daga baya aka zo da tambarin gicciye cikin da'ira, babba a shekarun 1920 da 1930, ƙarami daga ƙarshen shekarun 1930 har 1957, shekarar da aka rufe masana'antar Erie, sunan ya koma hannun masu Wagner. Kowane girma da lambar samfurinsa: mai lamba 8, wanda ya fi yawa, 704 ake gani a bayansa. Akwai wanda aka zana wa gizo-gizo a kan saƙarsa, na wajen 1890, wanda kuɗinsa kan kai dubban daloli. Mai lamba 13 ma wuyar samu gare shi, masu tarawa na danganta hakan da camfin da Turawa ke yi wa lambar.

Inda suna ya yi tsada kuwa, jabu ba ya rasa zuwa. Na ga wani ƙaramin kasko mai tambarin Griswold a wani tebur gaba kaɗan, haruffansa sun dakushe, jikinsa gurje-gurje, ya fi ƙarfin girmansa nauyi. Dalili ɗaya ne da na fatalwar nan: an kwaikwaye shi ne daga kasko na gaske, kuma ƙarfe yana tsukewa idan ya huce, kimanin kashi ɗaya cikin ɗari, don haka kwaikwayon kullum ya fi na asali ƙanƙanta. Wanda ya san awon na gaske, rula kaɗai ta ishe shi.

Yaya ya tambaye ni me ya sa nake daɗewa a kan kasko ɗaya, na ce ya tsaya ya gani. Da fari nakan rataye shi a yatsa ta ramin mariƙi in ƙwanƙwasa gefensa. Lafiyayye yana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa muryarsa a toshe take, ko da tsagar ta ɓuya ƙarƙashin baƙin maiƙo. Sai in haska tocila kusa da mariƙi da bakin zuba mai, nan tsaga ta fi son fitowa. Sai in ɗora rula a bayansa. Idan tsakiyar ta bunƙaro, a kan murhun zamani mai gilashi kaskon zai riƙa juyi yana rawa, mai ya taru gefe guda. Launi ja-ja mai ɓarewa alama ce ta wanda aka taɓa jefawa cikin wuta don a ƙone dattinsa, wannan ƙarfen ya lalace, ba ya sake riƙe mai. Ƙananan ramuka a baya kuwa aikin farar wuta ne daga hayaƙin kwal, ba sa hana girki. Tsatsa ba ta tayar mini da hankali, baƙin ɓawon maiƙo ma haka. Abin da ke ba ni takaici shi ne in ga an sa injin gurza an kankare kasko har ya yi ƙyalli, ko an huda shi an mayar da shi agogon bango. Na ga irin wannan fiye da yadda zan so, kuma ba ya gyaruwa.

Mun ratse mun bi ta Wapakoneta da Sidney da Piqua kafin mu koma kan hanya a Greenville. Babu inda ake zuba kasko a cikinsu yanzu. Garuruwa ne masu natsuwa da gine-ginen jan bulo, sunansu ya fi yawo a bayan kasake fiye da a taswira.

Daga Cincinnati muka haye kogin Ohayo zuwa Covington, muka shiga Kentaki. Ƙasa ta fara tudu da gangare, ga dawaki a makiyaya, ga zafi mai ɗauke da laima. Bayan Frankfort, tsakanin Harrodsburg da Danville, muka faɗa wani babban fili cike da rumfuna, kuma a nan ne injinan hannu suka ɗauke mini hankali har na manta da kasko.

Wanda na fi daɗewa a kansa injin feraye tuffa ne, ƙirar kamfanin Reading Hardware, wanda ake kira '78. Ana ɗaure shi a bakin tebur, a soka tuffa a cokali mai yatsu, a juya hannu. Haƙoran ƙarfe suna cizon juna, tuffar tana juyawa, wata 'yar wuƙa a kan hannu mai sifirin tana bin jikinta daga wannan kai zuwa wancan, ɓawon yana saukowa zare ɗaya bai tsinke ba, a ƙarshe wani ɗan ƙarfe ya ture ta ta faɗo. Mai rumfar ya ajiye kwandon tuffa don gwaji, na gwada, Yaya ma ya karɓa ya gwada. Babu lantarki, babu roba, kuma duk haƙoran nan a yashi aka zuba su. A ƙarni na 19 gidajen manoma kan feraye tuffa buhu-buhu su shanya don hunturu, maƙwabta su taru a yi aikin gayya, shi ya sa maƙera suka yi ta gasar ƙirƙiro irin waɗannan injina. Kamfanin Goodell na garin Antrim ma ya yi suna a kansu. Abin dubawa ga mai saye shi ne haƙori ko ɗaya kada ya karye, don ƙarfen zubi ba ya karɓar walda da sauƙi.

Rabin abin da ke rumfar sunan Enterprise na Filadelfiya ne a jikinsa: injin niƙa nama, injin cire ƙwallon ceri, da injin niƙa kofi mai manyan ƙafafu biyu irin na kantuna, da sauran jan fentinsa. Su ne kuma suka riƙa ƙera dutsen gugar Mary Florence Potts, matar da ta yi rajistar ƙirarta a 1871. Dabararta mariƙin katako ne mai cirewa: duwatsu uku, mariƙi ɗaya, biyu suna kan murhu suna ɗaukar zafi, ɗaya yana aiki, hannu bai ƙone ba. Duwatsun suna ko'ina a kasuwar, mariƙin asali ne ke wuya.

Na so in sayi ƙarfen gasa wafil (wata irin wainar Turawa), faranti biyu masu rami-rami da ke haɗe da wani ƙulli suna zaune a kan zobe, a juya su a kan wuta ba tare da an raba ba. Da na duba lambobin sai na ga faranti na wani kamfani ne, zobe na wani. Haɗin gambiza ne, na ajiye. A madadinsa na ɗauki wata tanda mai gurabe, irin wadda Nathaniel Waterman na Boston ya yi wa rajista a 1859, shekarar tana nan a jikinta.

A wannan filin na ga tukunya mafi tsufa a duk tafiyar, mai ƙafa uku da kunnuwa biyu da babban ciki. A gindinta akwai wani dogon tabo da ya taso. Ta nan narkakken ƙarfe ya shiga mazubi, aka karya ragowar bayan ya huce. Wajen 1890 masu zubi suka mayar da mashigar zuwa baki inda za a iya goge ta, don haka tabon a gindi yawanci yana nufin kayan sun girmi wannan lokaci. Irin wannan tukunya ce Abraham Darby ya samu rajistar zubawa a yashi a Ingila a 1707, abin da ya sa ta yi arahar da talaka zai iya saye. Ƙafafun na zamanin da ake girki a kan garwashi ne. Da murhun ƙarfe ya shigo gidaje a ƙarni na 19, ƙafa ta zama ba ta da amfani, gindi ya koma shafaffe, aka yi masa zobe a kewaye don ya zauna daidai kan ramin murhu ya toshe hayaƙi. Lambobin nan ma, 7 da 8 da 9, daga girman ramukan murhu aka samo su, ba awon inci ba ne. Mai lamba 8 faɗinsa ya ɗan haura inci goma. Tukunyar ta fi ƙarfin aljihuna, na shafa ta na wuce.

Akwai wata ƙaramar tukunya mai baki da na ɗauka a wani tebur can kudu, wajen Liberty, na ga cikinta da wani toka-toka mai ɗan sheƙi. Matar da ke sayarwa ba ta jira na tambaya ba ta ce marigayi mijinta dalma yake narkawa a ciki, yana yin nauyin ƙugiyar kamun kifi. Na yi mata godiya sosai. Dalma tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Salsiyas, murhun gida ma ya isa, shi ya sa masunta da mafarauta suka riƙa amfani da tsofaffin tukwane da ludaya da tanda wajen wannan aiki. Guba ce, kuma wanki ba ya ba da tabbacin ta fita. Ana sayar da sinadarin gwada ta, duk ƙaramar tukunya ko tanda da na saya sai na gwada kafin abinci ya shiga.

Muka bi ta kan madatsar Wolf Creek, tafkin Cumberland yana gefenmu, agogon waya ya ja baya da awa ɗaya. Daga Albany sai Tenesi, hanya ta hau tsaunin Cumberland ta bi ta Jamestown, cibiyar kasuwar, inda cunkoso ya kai maƙura.

Tun daga kudancin Kentaki na lura da wani sauyi a kan tebura. Sunaye sun fara ɓacewa. Kasake ga su nan tuli, amma in ka kifa sai lamba kawai. Masana'antun kudu da yawa ba sa zuba suna a jikin ƙarfe, takarda suke liƙawa, su sayar wa kantuna da araha, takardar ta ƙone a girkin farko. Gane su sai da alamu. In zoben baya yana da 'yan tsaga uku, ɗaya sama biyu a gefe, to na kamfanin Lodge na Tenesi ne, na tsakiyar ƙarnin jiya. Na samu ɗaya mai kyau a kuɗin da bai kai rubu'in na Griswold ba, na auna su a hannu, na shafa cikinsu, ban ga abin da ɗaya zai soya ɗaya ya kasa ba. Ra'ayina ke nan tun da daɗewa, tafiyar nan ta ƙara mini ƙarfi a kai: kuɗin da ake zubawa a kan tambari ya yi yawa, kuma mai zubin da ya daddale yashin maras suna bai gaza na Erie ƙwarewa ba.

Tsakanin Clarkrange da Crossville muka tsaya ƙofar wani ƙaramin gida. Wata tsohuwa tana zaune a inuwa, teburinta bai cika ba, 'yan kwalabe ne da zannuwan gado da kasko ɗaya. Maiƙo ya yi masa ɓawo a baya har ba a ganin ko lamba. Na ƙwanƙwasa, ya amsa tangaran. Ta ce na mahaifiyarta ne, burodin masara ake gasawa a ciki kusan kullum, yanzu wuyan hannunta ba ya iya ɗaga shi, jikoki kuma ba sa so. Ta kwatanta mini yadda ake yi: a sa kaskon a tanderu da ɗan mai har ya yi zafi sosai, sannan a zuba ƙullun, in bai yi ƙara ba to ba a yi daidai ba.

Sai ta dube ni ta ce, "Yarinya, girki za ki yi da shi ko a bango za ki rataye?"

Na ce, "Girki zan yi, Iya."

Ta faɗi kuɗi, ban taya ba. Ba na ganin laifin wanda ya adana kasko mai gizo-gizo a akwatin gilashi, irinsu kaɗan suka rage, bare ma yaƙin duniya na biyu ya cinye da yawa lokacin da aka yi ta tara tsohon ƙarfe don ƙera makamai. Amma kasko irin wannan, da aka zuba dubbai don aikin yau da kullum, ajiye shi ba aiki shi ke jawo masa tsatsa. Man da ake soyawa a cikinsa shi ne kariyarsa.

Daga Crossville hanya ta gangara cikin kwarin Sequatchie, dogon kwari miƙaƙƙe da duwatsu dama da hagu. A Dunlap akwai kufan tanderun gasa kwal fiye da ɗari biyu, na farkon ƙarnin jiya, waɗanda suka riƙa ciyar da masana'antun ƙarfe na yankin. Daga nan muka bar 127 muka bi kwarin har South Pittsburg, kusa da kogin Tenesi, inda har gobe ake zuba kasko.

Joseph Lodge ya kafa masana'antar a 1896 da sunan Blacklock. Gobara ta cinye ta a 1910, ya sake ginawa da nasa sunan, kuma har yanzu tana hannun zuriyarsa. Lokacin da alminiyam da kwanon da abinci ba ya kamawa suka kwashe kasuwa, sauran suka yi ta rufewa, Lodge ya tsira ne saboda ya koma injin da ke haɗa mazubin yashi da kansa a shekarun 1960. A 2002 ya fara sayar da kasko da an riga an gasa masa mai tun daga masana'anta. Gidan tarihinsu, wanda aka buɗe a 2022, yana da wani ƙaton kasko mai tsawon ƙafa 18 da nauyin sama da tan shida, nan Yaya ya tsaya ɗaukar hoto. Ni kuwa na tsaya wurin tsofaffin samfura da kayan aikin masu zubi.

A kantinsu na ɗauki sabon kasko na shafa. Cikinsa yana da kaushi, nauyinsa kusan kilo biyu da rabi, alhali tsohon Erie mai girmansa bai cika kilo biyu ba. Bambancin na aikin hannu ne. A da mai zubi yana amfani da yashi mai laushi, ya daddale da hannu yadda bango zai fito siriri, sannan a ɗora kaskon a dutsen wasa a goge cikinsa har ya yi sumul. Wannan matakin shi inji da neman araha suka ajiye. Ban raina sabon ba: yana riƙe zafi, kaurinsa ya sa ba ya saurin lanƙwasa, kuma kowa yana iya saye. Amma wanda ya taɓa juya ƙwai a tsohon ya san abin da aka rasa, shi ya sa wasu ƙananan kamfanoni suka dawo da gogewar a 'yan shekarun nan, da tsadarta.

Ranar Lahadi muka hau tsaunin Lookout, muka gutsuri kusurwar jihar Jojiya, muka sauka Alabama ta Mentone har Gadsden. Ranar ƙarshe ranar mai saye ce. Babu mai son ya sake loda ƙarfe a mota cikin wannan zafi, tayin da aka ƙi ranar Alhamis yanzu da hannu biyu ake karɓa. Sai dai an riga an tsince na kirki, kuma bayan motarmu ya riga ya sunkuya.

A garejin Yaya na yi wankin. Na zuba ruwa kamar lita ashirin a babbar roba mai murfi, na sa safar hannu da tabarau, na barbaɗa kusan rabin kilo na sodar yin sabulu. Soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda, kuma alminiyam ba ya shiga, cinye shi take yi. Ƙarfe kuwa ba ta taɓa shi, tsohon maiƙon kawai take mayarwa sabulu ya narke. Wannan mataki ba na tsallake shi ko kasko ya yi kyau a ido, domin a gidajen da kayan nan suka fito kitsen alade ne man girki na yau da kullum, sai na ga ƙarfe tsirara launin toka hankalina yake kwanciya. Mai tsatsa yakan shiga ruwan khal da aka sirka rabi da rabi, rabin awa kawai, in ya wuce haka khal ɗin ya fara cin ƙarfen. Daga nan a wanke, a busar a kan wuta nan take, a shafa man girki, a goge shi kamar ba a so ya rage, a kifa a tanderu mai zafin digiri 230 na awa ɗaya. Zafin yana mayar da ɗan man da ya saura wata busasshiyar fata mai tauri, a maimaita har ya yi baƙi.

Kaskon tsohuwar nan ya fi kowanne daɗewa a ruwan soda. Da ɓawon ya saki na goge bayansa, babu suna. Lamba 8 ce da harafi ɗaya a ƙasa, zoben bai da tsaga, a ƙarƙashin mariƙi kuma ga wani tudu miƙe har jikin bango. Alamun Birmingham Stove & Range ke nan na jihar Alabama, ƙirar da ake kira Red Mountain, ta tsakanin shekarun 1930 da 1950, mai sunan dutsen da ake haƙo tama a gefen birnin. A cikinsa, ƙarƙashin baƙin shekaru, zagayayyun layukan dutsen wasa suna nan ba su goge ba.

Da na gama gasa masa mai na yi burodin masara yadda ta faɗa. Ƙullun ya yi ƙara da ya taɓa ƙarfe, da na kifa kuma ya fito gaba ɗaya, gefensa ja ƙamas, ko ɗigo bai kama ba. Yaya ya ci yanka biyu a tsaye, sannan ya ɗaga kaskon ya auna a hannu.

"Ƙanwata, sauran ki kwashe duka, wannan dai ki bar mini."

Na ce, "Yaya, wannan na yi alkawari a kansa." Na ɗauko masa Lodge mai tsaga uku, na nuna masa yadda zai busar da shi a kan wuta bayan wanki ya shafa mai tun yana da ɗumi, na kuma roƙe shi kada a bar shi ya kwana da ruwa a ciki.